Ƙarfen da Rabi'u Ya Tono a Kango

Ran da aka fara jifa a gidan Rabi'u, babu abin da ya raba yammacin da sauran yammacin ƙarshen damina a Karare. Gero ya nuna ya sunkuyar da kai. An shigo da awaki an ɗaure. Asama'u, matar gidan, tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, hayaƙi na bin ƙasa saboda laima, 'yarsu Nazifa tana gefe tana kaɗa miyar kuka. Inna Rahma, mahaifiyar Rabi'u, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi tana jiran kiran salla. Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu, ta bar jan hasken nan da ba ya daɗewa.

Sai wani abu ya daki kwanon ɗaki. Ya gangaro a hankali, kamar mai ƙirga layukan kwanon, ya faɗo gaban Rabi'u yana tsugune yana alwala.

"Yara ne," in ji Asama'u, ba ta ko ɗago ba.

Rabi'u ya san ba yara ba ne. Shekarun nan, tun da 'yan bindigar daji suka addabi ƙasar, babu yaron da almuru ke riska a waje. Ya miƙa hannu ya ɗauki abin. Guntun tubali ne na jar ƙasa, irin na ginin da, har da ragowar ciyawar da aka kwaɓa shi da ita. Unguwarsu kuwa duk ginin bulo ne. Wuri ɗaya ya sani mai irin wannan ƙasar, kuma da hantsin ranar ma yana can.

Na biyu ya faɗo. Na uku ya faɗa cikin tukunyar miya. Ladan na ɗaga murya, jifan ya tsaya.

Mako guda kafin nan ne Rabi'u ya ba da raguna biyu ya karɓi injin neman zinare daga hannun abokinsa Nasiru, wanda ya dawo daga wurin haƙa a Nijar. Doguwar sanda ce da faifai a ƙasa, da abin da ake sawa a kunne. Idan faifan ya bi ta kan ƙarfe da ke binne, sai injin ya yi kuka.

"Kada ka fara da daji," Nasiru ya ce masa. "Je ka tsohon gidanku, inda ka san ƙarfe ya kwana. Kowane ƙarfe da irin kukansa. Sai kunnenka ya iya rarrabewa tukuna."

Tsohon gidan yana can bayan gari, gefen gonar gyaɗa. An bar shi shekara ashirin da suka wuce, ruwa ya cinye bango, ya zama kango. Rabi'u yakan naɗe injin a buhu, ya ɗora fartanya a kai, ya bi ta cikin gero. Dole ya ɓoye. A ƙasar Batsari a yau, in aka ce wane ya sami zinare, maganar ba ta kwana ba ta isa daji ba, kuma kowa ya san akwai masu kai ta, ko da ba a san su wa ba ne.

Ya bi faifan a hankali, dab da ƙasa, dama da hagu, kamar mai shara. Ranar farko kunnensa ya cika da ƙara, duk inda ya tona sai tsatsattsiyar ƙusa. Rana ta biyu ya sami karyayyen ruwan garma da murfin kwalba. Rana ta uku ya sami kwabo mai huji guda biyu, ya yi ta murna shi kaɗai kamar yaro. Daga nan ya fara gane muryar abin: ƙusa kukanta gajere ne, a shaƙe, kwabo kuwa nasa siriri ne.

A rana ta bakwai, bayan inda rumbu yake a da, ya ga sawun harsashin wani ɗan ƙaramin ɗaki da bai tuna da shi ba. Yana kai faifan tsakiya, injin ya saki wani dogon kuka mai rawa, irin wanda bai taɓa yi ba, har ya cire abin kunnen da sauri. Ya tona kamu guda. Abin da ya fito mari ne, irin wanda ake sa wa mutum a ƙafa: zobba biyu na baƙin ƙarfe da gajeriyar sarƙa a tsakani. Zobban ƙanana ne. Ya naɗe shi a tsumma ya jefa a buhu. A kan hanyarsa ta dawowa ya ci karo da yayansa Kamilu, wanda gidansa ke jikin nasa. Kamilu ya amsa gaisuwa, amma idonsa na kan buhun har suka rabu.

Don haka da tubali ya faɗo a yammacin nan, sunan da ya fara zuwa zuciyar Rabi'u shi ne Kamilu.

Da safe bai kai ga zuwa ba, Kamilun ya yi sallama da kansa. Suka gaisa a tsakar gida, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta.

"An ce kana tone-tone a gidan Baba," in ji Kamilu. "Gidan nan namu ne mu biyu. Mi ka samu?"

"Ƙarfe ne, Yaya."

"In ƙarfe ne, mi ya sa ake ɓoye shi a buhu?"

Rabi'u ya shiga ɗaki ya ɗauko marin, ya warware tsumman, ya ajiye a ƙasa. Kamilu ya taɓa shi da tsinin takalmi.

"Wannan shi ka nuna mini. Wanda ba ka nuna ba fa?"

"Shi ya sa ka jefi gidana jiya?"

Kamilu ya dube shi kamar zai yi magana, sai suka ji ƙarar buta ta faɗi. Inna Rahma ce a tsaye, ruwa na malala ta ƙarƙashin ƙafafunta, idonta a kan ƙarfen. Ta daɗe a haka.

"Mai da shi inda ka ɗauko," ta ce. Ta juya ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure.

Rabi'u ya mai da shi a ranar, ya rufe ramin ya tattake. Amma da almuru jifa ya dawo, kuma wannan karon da wani sauti a tare, sautin ƙarfe da ake ja a kan busasshiyar ƙasa, daga zaure zuwa madafa, daga madafa zuwa bayan ɗakin Inna. Rabi'u ya hau katanga ya leƙa gidan Kamilu. Ya same shi tsaye a tsakar gidansa, hannu babu komai, shi ma yana kallon sama.

Kwana biyar ana haka, gida ya lalace da zargi. Rabi'u ya tsare Asama'u wai ita ta kai maganar injin gidan biki. Ita kuma ta ce maƙwabta ne ke son su tsorata su tashi. A bakin masallaci wani ya gaishe shi da "Alhaji" yana murmushi, Rabi'u ya kwana yana juya murmushin a ransa. Wasu mutum biyu da ba a sani ba suka wuce ta ƙofar gida a kan babur, a hankali, ya bi su da ido har suka ɓace. Inna kuwa ta daina fitowa cin abinci. In ya tambaye ta ɗakin wa ke bayan rumbu a da, sai ta ce ɗakin kaji ne, ta ci gaba da jan carbi.

Nazifa ce ba wanda ya lura da ita sai da abin ya yi nisa. Yarinya ce mai shekara goma sha biyar, mai saurin tafiya da yawan dariya. Yanzu ta yi shiru. Tafiyarta ta koma gajeren taku, ƙafa na bin ƙafa, ba ta iya tsallake ko dokin ƙofa sai ta dafa bango. Kuma ta kama ci. Takan cinye nata, ta sa hannu a na uwarta, ta kankare tukunya, ta ɗago ta ce, "Yunwa nike ji."

Rabi'u ya ƙudurta a ransa cewa wani ne ya binne masa asiri a gida. Rana ta shida da la'asar ya ɗauko injin, a fili wannan karon, ya bi tsakar gidan kusurwa-kusurwa. Ya bi zaure, ya bi turken awaki, ya bi gindin katangar da ta raba shi da yayansa har sau biyu. Shiru. Yana juyowa, faifan ya gifta kusa da Nazifa da ke zaune a kan turmi. Injin ya saki dogon kukan nan mai rawa.

Ya dubi ƙafafunta. Babu takalmi, babu munduwa, babu ko zare. Ya sake kai faifan. Kukan ya sake tashi.

Nazifa ta ɗago kai a hankali. Ba shi ta duba ba, ƙofar kakarta ta duba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsufa, ta bushe, kamar ta fito daga cikin rijiya.

"Rahma," ta ce. "Ina ƙwaryata?"

Asama'u ta saki salati. A ɗakin Inna aka ji carbi ya tsinke, 'ya'yansa na gangarawa a kan siminti.

Gari na wayewa Rabi'u ya hau babur ya nufi Safana, wurin Malam Armaya'u, malamin da aka sani da ruƙiyya a ƙasar. Dattijo ne siriri mai ƙarancin magana. Ya saurari labarin duka bai katse ba, sannan ya ce a biya ta kangon a sake tono ƙarfen kafin a shiga gida. Da aka tono, ya goge tsatsar da gefen rawaninsa, ya karkata shi ga rana. A cikin zobban akwai zanen rubutu da ya kusa shafewa.

"An ɗaure wani abu da wannan, ba ƙafa kaɗai ba," ya ce. Ya nuna ƙusar da ta haɗe bakin zoben. "Ka ga nan? Maƙeri ne ke rufe mari, maƙeri ne ke buɗe shi. Wannan ba a taɓa buɗe shi ba. To ta ina ƙafar mai shi ta fita?"



Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Asama'u ta riƙe Nazifa ta baya, an lulluɓe ta da mayafi. Malam ya ce a kira Kamilu, a kuma fito da tsohuwa, kowa na gidan ya zauna. Ya ajiye marin a gabansa, ya yi bisimilla, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta tsallaka tsakar gida ta hau ɗaki. Awaki suka daina motsi. Tubali ɗaya ya faɗo dab da gwiwarsa ya tarwatse, bai ko ƙifta ba. Can jikin yarinyar ya fara rawa, ƙafafunta suka haɗe wuri guda, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Wanda anka manta."

"Mi ya kawo ka jikin yarinyar mutane?"

"Ubanta ya kawo ni. Ina kwance, ya zo da sandarsa mai kuka, ya tsaya bisa kaina." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Shekara hamsin. Ina jikin Maijidda sunka kira wani malami ya ɗaure mu tare, ni da ita, ya ce sai ta warke za a kwance. Yunwa ta zo, malamin ya yi kudu. Ita ta mutu ta huta. Ni fa?"

Rabi'u ya dubi Kamilu, Kamilu ya dube shi. Babu wanda ya taɓa jin sunan Maijidda a zuriyarsu.

"Za ka fita," in ji Malam.

"In fita in je ina? A bar mini wannan. Ƙafarta ta yi daidai."

"Ba za a bar maka ba."

"To a yanka mini baƙin bunsuru a bakin ramin."

"Ba a yanka sai don Allah. Ko kaza ba za ka samu ba." Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Yarinyar ta yi ƙara, ta banƙare, har Asama'u ta kusa sakinta.

"Tsaya! To a ba ni tsohuwar. Ai ita ta san inda ƙwaryar ke zuwa. Kullum da yamma takan zo bakin ƙofa, mu ji ƙamshi, sai mu ji sawunta ya…"

"Rufe bakinka," Malam ya katse shi. "Ba a karɓar shaidarku a kan ɗan Adam. Gaskiya ɗaya kukan haɗa da ƙarya ɗari don ku raba gida. Faɗi abin da ya tsare ka, ko in ci gaba."

Rana ta taɓa kan duwatsu. Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa, babu sauran izgili a cikinta.

"A buɗe ƙarfen. In ba a buɗe ba, ko na so tafiya ba ni iyawa."

"In an buɗe, ka yi alkawari da sunan Wanda ya halicce mu da ku, za ka bar yarinyar nan, ka bar gidan nan da zuriyarsa, ka koma cikin duwatsu inda babu mutane."

"Na yi."

"Faɗe shi duka."

Ya faɗa, kalma bayan kalma, kamar mai haɗiyar ƙaya.

Kamilu ne ya tashi ba tare da an ce masa ba, ya je ya kira Jinjiri maƙeri. Jinjiri ya zo da guduma da ƙarfen sara, yana ganin abin da ke gabansa ya so ya koma, Malam ya ce masa ya yi bisimilla kawai. Aka ɗora marin a kan dutsen niƙa. Bugu uku ƙusar zoben farko ta fita, ƙafar daman Nazifa ta zabura. Zobe na biyu ya yi taurin kai, sai a bugu na bakwai ya buɗe. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, babban yatsan ƙafarta na hagu ya yi rawa ya tsaya. Wata iska ta taso daga tsakar gidan, ta bi ta kan katanga, aka ga gero na kwantawa a layi guda har zuwa yamma. Daga nan ladan ya kira magariba.

Nazifa ta buɗe ido. "Umma, cikina ya cika," ta ce da muryarta, ta fashe da kuka.

Malam ya tashi zai yi alwala. Ya ce a manta da abin da aka ji, maganar aljani ba abin riƙewa ba ce.

"Wannan bai yi ƙarya ba, Malam."

Inna Rahma ce. Tana zaune inda aka ajiye ta, hannuwanta a kan cinya, tana kallon buɗaɗɗun zobban.

"Maijidda ƙanwar ubansu ce. Da aka kawo ni gidan na same ta a ɗakin nan, a ɗaure. Ba ta dukan kowa. Waƙa kawai take yi, in an sake ta kuma ta nufi daji. Shekarar babbar yunwa maza duk suka tafi neman hatsi, aka bar ni da surukina, tsoho, ba ya ko gani sosai. Abin da za a ci a yini bai cika tafin hannu ba. Ni ke kai mata nata. Ina da yaro ɗan shekara biyu. Nono ya ƙafe, kansa ya fi ƙarfin wuyansa, ya daina ma kuka. Ran farko rabi na ɗiba daga ƙwaryarta. Daga baya na daina isa ƙofar. Nakan tsaya bayan rumbu in ɗura masa, in mai da ƙwarya wurin tsoho in ce ta cinye."

Ta ci gaba.

"Ran da na same ta ta cika, na kama ƙafarta zan gyara ta, sai ƙarfen ya zame da kansa. Babu naman da zai riƙe shi. Na tona rami na binne shi kafin mutane su zo, don kada a gani a tambaya. Da ubanku ya dawo na ce zazzaɓi ne. Bai ƙara ambatonta ba, ni ma haka."

Kamilu ɗan fari ne. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Yanzu ta ɗago ta dube shi sosai.

"Kai ne yaron," ta ce.

Kamilu, mai furfura a gemu, ya zauna a ƙasa. Rabi'u ya matsa kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa. Malam Armaya'u ya juyo da buta a hannu. Ya ce ƙofar tuba ba ta rufe ba tunda rai na nan, kuma mamaci yana amfana da addu'a da sadaka. Ya ce a tashi a yi salla, lokaci na wucewa.

Ba a ƙara jifa a gidan ba. Jinjiri ya tafi da ƙarfen, ya ce ba zai ƙera komai da shi ba. Maganar zinare ta mutu da kanta, don kafin kwana biyu duk Karare ta san abin da Rabi'u ya tono.

Ranar Juma'a Kamilu ya shiga gonarsa tun da sassafe, ya yanke damin farko na sabon gero. Matarsa da Asama'u suka surfa, suka daka, suka dama fura cike da manyan ƙwarya uku, da nono mai yawa. Inna Rahma ta ce a ba ta ludayi, ita ta zuba nonon da hannunta. 'Yan'uwan biyu suka ɗauka zuwa ƙofar masallaci, suka ajiye a inuwa, aka taru ana sha bayan an sauko.

Wani tsoho ya goge baki ya tambaya, "Sadakar wa ce, mu san wanda za mu yi wa addu'a?"

"Ta Maijidda ce," in ji Kamilu.

"Wace Maijidda?"

Kamilu ya sake cika masa ludayi, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Gwaggona ce," ya ce. "Ita ta ciyar da ni."